Kututture Bai Mutu Ba: Nasiha ga 'Ya'yanmu na Randagi

 Wani jikana ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ya same ni bayan La'asar ina zaune a gindin ɗorawar ƙofar gida, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini waya ya ce, "Kaka, dubi wannan." Bidiyo ne na wani icen ƙasar waje. Mai magana a ciki yana cewa cikin 'yan shekaru kaɗan icen yakan wuce soro tsawo, yana kuma zuƙe hayaƙin da ke ɗumama duniya fiye da sauran itatuwa. Yaron ya ce shi da abokansa suna so su haɗa kuɗi su sayo irin, su share saurarmu ta bakin rafi tas, su dasa shi a jere.

Na ji daɗi har cikin raina. Yaron da ke tunanin dashe a zamanin da kowa ke lissafin buhun gawayi, ai na riƙewa ne hannu biyu. Amma kalmar nan "tas" ta tsaya mini a maƙogwaro, na kwana da ita. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na kuma yi noma tun ina bin mahaifina da 'yar fartanya, don haka bari in faɗa muku abin da allo da gona suka koya mini game da wannan al'amari.

Mu fara da tambayar da nake yi wa 'yan aji shida. Ɗan icen da ka dasa bai fi tsinken tsire ba, bayan shekara ashirin ya zama gungume wanda ƙarti huɗu ba sa iya ɗagawa. Daga ina wannan nauyi ya fito? Kusan duk yara sukan ce daga ƙasa. Haka manyan masana na da ma suka ɗauka, har wani likita a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, Van Helmont, ya gwada abin shekaru kusan 400 da suka wuce. Ya auna busasshiyar ƙasa wajen kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan ice mai nauyin kilo 2 da 'yan kai, bai ba shi komai ba sai ruwa har shekara 5. Da ya cire icen ya auna, ya haura kilo 70. Ƙasar kuwa abin da ta ragu da shi bai kai giram 60 ba, bai fi cikin tafin hannu ba. Sai ya ce ashe ruwa ne ya zama ice. Ya kama rabin gaskiya. Ɗaya rabin sai da wasu suka biyo baya: Joseph Priestley a Ingila a 1771 ya nuna tsiro yana gyara iskar da kyandir ya ɓata, Jan Ingenhousz kuma a 1779 ya gano cewa ganye ba ya wannan aiki sai da hasken rana.

Ga yadda abin yake. A jikin kowane ganye, musamman ta ƙasansa, akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ganye ke shigar da wata iska da ake kira kabon dayokzaid, mu ce iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun numfasa, irin wadda ke fita daga murhu da bututun mota. Saiwa tana turo ruwa daga ƙasa. Koren nan da kuke gani a ganye shi ke kama hasken rana. Da ƙarfin wannan haske ganye yake haɗa ruwa da iskar kabon ya mayar da su sukari, ya saki iskar oksijin wadda muke shaƙa. Turawa na kiransa fotosintesis. Ni da yarana a aji mukan ce girkin ganye: rana ce wutar, ganye ne tukunyar, iska da ruwa su ne cefane. Da wannan sukari ake gina kara da reshe da saiwa da tsaba. Tuwon da ka ci jiya da daddare daga wannan girki ya fito. Naman da ke kansa ma haka, don saniyar ciyawa ta ci.

Duk lokacin da na tsaya na yi tunanin wannan sai jikina ya yi sanyi. Ɗorawar da nake jingina da ita, yawancin jikinta daga iska Allah ya gina shi. In ka busar da gungume ka auna ya ba ka kilo 100, kusan kilo 50 kabon ne, kuma kafin a tara wannan kilo 50 sai da ganye ya tsamo iskar kabon wajen kilo 180 daga sararin sama.

A nan maganar sauyin yanayi ta shigo. Iskar kabon tana riƙe zafi kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kashi miliyan na iska kashi 280 ne nata. A 1958 wani masani, Charles Keeling, ya fara aunata kullum a kan wani dutse a tsibirin Hawayi, ya same ta wajen 315. Yau ta wuce 420. Man fetur da kwal da gas da duniya ke ƙonawa su ne babban dalili, sare dazuzzuka na biye. Abin da ya fi burge ni a awon Keeling shi ne kowace shekara adadin yakan ɗan sauka idan itatuwan arewacin duniya suka yi toho, ya sake hawa idan suka kaɗe. Wato aikin ganye yana da girman da har ma'auni yake gani daga tsakiyar teku. Mu kuwa ba sai da ma'auni ba. Mun ga damina tana makara, ta zo ta yi fashi a tsakiya shuka ta ƙone, sannan ta juye ruwan wata guda a dare ɗaya ta tafi da gada. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a Najeriya, kuma ba mu manta da Maiduguri a watan Satumba na 2024 ba.

To, jikana yana da gaskiya da ya ce tsiro mai saurin girma ya fi saurin tsamo wannan iska. Sai dai in sauri ake nema, ba sai an aika kuɗi ƙasar waje ba. Dawa da gero da masara da rake da gamba suna cikin gwanayen duniya a wannan fage. Allah ya yi musu wata dabara a cikin ganye wadda shinkafa da itatuwa ba su da ita: suna tattara iskar kabon su cusa ta inda ake girkin, don haka ko rana ta take suna iya tsuke ƙofofin ganyensu su yi tsimin ruwa, girki bai tsaya ba. Masana biyu a Ostireliya, Hatch da Slack, su suka warware yadda wannan dabara take a 1966. Ka shuka ƙwayar dawa a watan Yuni, kafin Oktoba ta fi ka tsawo nesa ba kusa ba. Wane ice ne zai yi wannan a wata huɗu?

Amma ku bi karan dawar nan ku ga ƙarshensa. An girbe, an ci tsaba, dabba ta ci ganye, an yi danga da wani, an hura wuta da wani, saura gara ta cinye ko an tara an banka masa wuta lokacin sharar gona. Kafin wata damina kusan duk kabon da ya tsamo ya koma inda ya fito. Kamar ɗan kasuwa ne mai ciniki da yawa amma aljihunsa a huje. Yanzu ku shiga ɗakin girkin kakarku ku dubi turminta na ƙirya. A gidana akwai wanda uwata ta daka a ciki, matata ta daka, yanzu surukata ke daka. Kabon da ke jikin wannan turmi ganye ya kama shi tun kafin a haife ni, kuma har yau yana nan bai koma sama ba. Haka azarar ɗaki, haka ƙofar maɗaci, haka icen da ke tsaye da ransa yana ƙara kauri, haka saiwar da ke ƙarƙashin ƙasa wadda ba ma gani. Saboda haka tambaya biyu ake yi wa tsiro: da wane sauri kake kamawa, kuma har yaushe kake riƙewa? Bidiyon jikana ta farkon kawai ya amsa.

Akwai kuma abin da saurin girma kan jawo in ba a yi hattara ba. Ku tambayi mutanen Haɗeja da Nguru labarin kachalla. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canja, wannan ciyawa ta samu wuri ta mamaye fadamu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana su da noma, ta zama masaukin tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa. In iya tsamo iska ne kachalla gwana ce, amma ba wanda ke mata addu'a a can. Turare, wanda kuke gani jere a gandun Afaka in za ku shiga Kaduna ta Buruku, yana miƙewa da sauri, yana ba da sanda madaidaiciya ta rufi da ta shago, kuma in an sare yana sake fitowa. Sai dai mashayin ruwa ne, ganyensa kuma ba ya barin shuka ta sake a gindinsa. Wanda ya dasa shi a bakin rijiya ko tsakiyar fadama zai yi da-na-sani. Dalbejiya ma baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya, a 1928 aka fara dasa ta a Borno, ta zauna da mu lafiya har mun manta baƙuwa ce. Don haka ban ce kowane baƙon ice mugu ne ba. Na ce a san halin baƙo kafin a ba shi ɗakin tsakar gida, kuma kada a kori 'yan gida saboda shi.

Washegari na ce wa jikan nawa ya ɗauko adda ya raka ni saurar. Kun san dalilin da ya sa ta zama saura, ba sai na tona muku ciwo ba. Shekarun da 'yan bindiga suka hana mu gonakin nesa, daga nan har Kakangi da sauran ƙauyukan yamma, babu gidan da bai ɗanɗana ba. Wasu sun rasa dukiya, wasu sun rasa 'yan uwa, Allah ya jiƙansu. Tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mutane suka fara leƙa gonakin da suka daɗe ba su taka ba. Allah ya ɗorar da zaman lafiya.

Da muka isa, shi kurmi ya gani wanda ke bukatar sassabe. Na kama hannunsa na kai shi gindin wani cunkus, na buɗa ganyen da sandata. A ƙasa akwai baƙin kututture, faɗinsa ya kai faranti, wanda ni da kaina na sare shekaru da dama da suka wuce. Doka ce. Daga gefensa rassa goma sha ɗaya sun fito, uku daga ciki sun fi ni tsawo, kaurinsu ya kai damtsen yaro. Ganyen sabon toho ja-ja ne yana sheƙi. Muka matsa gaba muka samu taura, muka samu baushe, muka samu marke, ga 'yan kaɗanya nan birjik ba su wuce gwiwa ba, ga wata madobiya guda ɗaya da na yi zaton an gama da irinta a wajen nan tun lokacin da masu injin yanka suka bi ta suna lodawa zuwa Sin. Ba wanda ya dasa ko ɗaya, ba wanda ya ba su ruwa, ba wanda ya kashe ko sisi.

Na ce masa, ka ga icen da ya fi kowane ice saurin girma a ƙasar Randagi. Dashen da za ka sayo a leda saiwarsa ba ta fi yatsa ba, sai ya yi fama da rani da akuya da gara kafin ya kafu, kuma kowa ya san yawancin dashen da ake yi ranar bikin dashen itatuwa ba ya ganin damina ta biyu. Wannan kututture kuwa saiwarsa ta shekara talatin ko hamsin tana nan da ranta, ta riga ta san inda ruwa yake, tana ɗauke da abincin da ta adana. Abin da take jira kawai a bar mata reshe.

Ba ni na gano wannan ba. 'Yan uwanmu Hausawan Maraɗi ne suka nuna wa duniya. Bayan farin shekarun 1970 gonakinsu sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi, ana ta dashe yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa don ya ratsa yashi, sai ya lura cewa 'yan cunkus ɗin da ke warwatse a gonaki, waɗanda manoma ke sassabewa kowace shekara, tohon tsofaffin itatuwa ne. Aka fara roƙon manoma su bar wasu su gyara su. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa abin da tallafin abinci, kuma da yunwa ta wuce mutane da yawa suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga gonarsu ta fi ta maƙwabci, ga itacen girki a kusa, ga ganyen dabba da rani. Daga nan abin ya bazu daga manomi zuwa manomi, suka sa masa suna sassaben zamani. Yau ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, yawanci gawo da kalgo da sabara da makamantansu. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu da 'yan ramuka da taki. Ku riƙe wannan: ruwan da muke samu a ƙasar Birnin Gwari ya kusa ninka na Maraɗi. Abin da ya ɗauke su shekara goma, mu da yardar Allah ba zai kai haka ba.

Aikin ba shi da wuya. Ka zagaya gonarka kafin sassabe ka zaɓi kututturan da kake so, gwargwadon yadda ba za su hana garma wucewa ba. A kowanne ka bar rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran da adda mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ka rage ƙananan rassan da ke gindi har wajen rabin tsawo. Ka ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka dawo ka sake gyarawa. Abin da ka cire ya zama itacen girki, ganyen ka bar shi ya ruɓe a wurin. Shekara mai zuwa kana iya sare reshe ɗaya ka yi amfani da shi, wani ya maye gurbinsa. Babban abokin gaba shi ne wuta. In hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, ku share iyaka ku kewaye gonar, kuma don Allah ku bar cinna wa daji wuta saboda gafiya ko zomo. Aikin shekara biyar yana iya tafiya a yammaci ɗaya.

Na san abin da wasunku ke faɗa a majalisa, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Suna cewa dajin nan shi ya ɓoye waɗanda suka cuce mu, gara a kwantar da shi kowa ya huta. Wanda aka ɗauke masa ɗa aka shiga da shi daji, in ya faɗi haka ba zan ga laifinsa ba. Amma ku tuna dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936 a zamanin En'e, ya zama gandun tarayya a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana maƙwabtaka da Kuyambana ta Zamfara. Shekara da shekaru muna zaune da shi, muna cin zuma da taura da ɗinya, maharba da masu magani suna shiga suna fita, giwa da gwanki suna kiwo, ba wanda ya sace kowa. Rashin hukuma da rashin adalci da yawon bindiga su suka kawo mana masifa, kuma akwai garuruwan da ke fili tsirara da suka sha irin wadda muka sha. A share gefen hanya da kewayen gari don tsaro, wannan hankali ne. Amma in muka kwantar da daji gaba ɗaya, rafukan da ke zuba a kogin Mariga za su riƙa ƙafewa da wuri, ƙasa ta zaizaye, mu tashi daga wata wahala mu faɗa wata.

Maganar gawayi ita ta fi damuna, don na san yunwa ce ke kai yaro ga gatari. Mutum ya dawo gida bayan gudun hijira ba shi da jari, ga mota tana jira a bakin hanya da kuɗi a hannu. Ba zan zage shi ba. Sai dai ya san abin da yake sayarwa. A irin ramin da muke turara gawayi, itace kilo 100 bai cika ba da fiye da kilo 20 ba, saura ya tashi hayaƙi. Kuma masu saye sun fi son ƙirya da kaɗanya da marke saboda nauyinsu, wato itatuwan da suka fi daɗewa kafin su girma. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta yi ta ba jikoki da tattaɓa-kunne man kaɗe. Wanda ya mayar da ita buhu uku ya sayar da kuɗin cefanen uwarsa da na matarsa na shekaru masu yawa, a farashin kwana biyu.

A nan ne itatuwa masu saurin girma suke da babban matsayi, kuma a nan nake so jikana da abokansa su zuba ƙarfinsu. Ku dasa su don su ɗauke wa na gado nauyin gatari. Ku samu tudun da ba ya noma ku yi ɗan gandu na dalbejiya da malaina da turare, nesa da rijiya. Cikin 'yan shekaru za ku fara yanka, su kuma su riƙa tohowa. A bakin rafi ku kula da gora. Danginta a Sin da Japan akwai mai yin kusan mita guda a yini, tamu ba ta kai haka ba, amma in ta kafu kowace damina sai ta fito da sababbin sanduna, saiwarta tana riƙe gaɓar rafi, ana yin gado da kujera da rumfa da ita, ana ma yin gawayi. Zogale ku yi danga da shi. A shekara guda yakan fi mutum tsawo. Icensa ba shi da nauyi, ba wani kabon kirki zai adana ba, amma zai cika kwanon kwaɗo ya ciyar da awaki. Mangwaro da kashu su kawo kuɗi. Gamba a kan iyakar gona ta tare zaizaya ta ba da zana. Ku kuma 'yan mata, maganar murhu a hannunku take: murhun da aka kewaye da laka ko irin na ƙarfe mai tsimin itace yana rage yawan itacen da ake ci, ya rage hayaƙin da ke sa iyayenku tari da ciwon ido.

Karan dawa da totuwar masara da ɓawon gyaɗa ma akwai hanyar da za a sa su riƙe abin da suka kama. Maimakon a ƙone su su zama toka, ana iya turara su a rami ko a ganga, a kashe da ruwa kafin su cinye, su zama gawayi. A daka shi, a cakuɗa da takin dabbobi ya kwana biyu ya jiƙa, sannan a kai gona. Gawayi ba ya ruɓewa da wuri, yana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru a ƙasa, yana riƙe danshi da taki. A dajin Amazon na Barazil an samu baƙar ƙasa mai albarka wadda mutanen dauri suka yi ta haka, har yau ana noma a kanta. Kun taɓa lura yadda masara ke yin kyau a tsohon kufai inda aka daɗe ana zubar da toka da gawayi? Ku gwada a kunya biyu ko uku tukuna, ku kwatanta da na kusa, kada ku ɗauki maganata kawai. Kuma kada ku kwashe karan duka, ƙasa da dabbobi suna da rabonsu.

Kada wani ya ɗora muku laifin da ba naku ba. Nahiyar Afirka gaba ɗaya abin da take fitarwa na wannan iska daga mai da kwal bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Duniya kuwa tana fitar da fiye da tan biliyan 35 kowace shekara, kuma duk dazuzzuka da ciyayin ƙasa ba sa iya shanye ko rabinsa. Ko mun rufe Randagi da ganye daga nan har iyakar Neja, in manyan ƙasashe ba su rage ƙona mai ba zafi zai ci gaba. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ma, jihohi 11 na can arewa aka fara sawa a Najeriya, Kaduna ba ta ciki. Saboda haka kada ku zauna jiran mota ta kawo muku dashe. Ladan da ke cikin taimakon duniya muna fatansa, malamanmu sun sha gaya mana dashen ice sadaka ce mai gudana. Amma amfanin farko a gonarku zai sauka: inuwa ga shuka da mai noma, ganyen da zai zama taki, kalwa da kaɗe, ruwan da zai nutse a ƙasa maimakon ya gudu da ita.

Wata rana kuma za ku ga baƙi da takardu suna cewa za su biya ku kuɗin kabon da itatuwanku suka adana. Irin wannan ciniki yana nan a duniya, akwai na gaskiya akwai na cuta. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa shi kaɗai. A kai takarda gaban mai gari da hakimi, a samu ɗanmu mai ilimin shari'a ya karanta ta da Hausa a bainar jama'a, a ji shekara nawa ne, wa ke da ƙasar bayan an sa hannu, wa zai ci 'ya'yan itacen, kuma ina makiyayi zai bi da dabbobinsa. Wannan na ƙarshe kada ku raina shi. In ba a zauna da Fulanin da muke maƙwabtaka da su an yi magana a kan burtali da lokacin sassaƙar ganye ba, tohon da kuka gyara zai iya zama sanadin sabuwar rigima, mu kuwa mun gaji da rigima.

Ranar nan ni da jikana ba mu bar saurar ba sai da rana ta yi tsaka. Mun gyara kututture goma sha bakwai. Ya yage tsohuwar rigarsa ta ƙwallo muka ɗaɗɗaura. Da muka zo kan madobiyar ya tsaya yana juya addar a hannu, ya ce, "Kaka, wannan guda nawa zan bari?" Na ce ya bar biyu, ya kuma sassaro ƙaya ya kewaye ta saboda awaki. Kuɗin da suka tara kuwa sun yanke shawarar sayen leda da irin malaina, za su yi renon dashe a bayan makaranta inda ruwan famfo ke malala. Ranar Asabar bayan sallar Asuba za mu koma mu ƙarasa gefen rafi. Wanda yake so ya ga yadda ake yi ya same mu a gindin ɗorawa, ya zo da addarsa a wase da gorar ruwa.